Wayar Batirin Zuciya da Matsalolinta

Na'urar daidaita bugun zuciya mutane na kiranta batirin zuciya, amma batirin ba ya taɓa zuciyar. A ƙarƙashin fatar ƙirji ake binne shi, sannan a zura siririyar waya ta jijiyar jini da ke kusa da kafaɗa, ta gangara har cikin ɓangaren dama na zuciya. A 1958 ne likita Ake Senning ya fara dasa na'urar a Stockholm, ƙasar Suwidin, ta hanyar buɗe ƙirji. Bin jijiya ya zo daga baya, ya sauƙaƙa aikin ƙwarai, sai dai galibin matsalar yanzu daga wayar take tasowa.

Tun a ɗakin tiyata allurar da ake shiga jijiyar da ita kan iya huda huhu, iska ta taru a ƙirji. A makonnin farko kuma, kafin nama ya riƙe bakin wayar, tana iya gocewa, jiri da suman da suka sa aka dasa na'urar su dawo. Shi ya sa ake hana ɗaga hannun gefen da aka dasa batirin sama da kafaɗa na kusan wata guda ko fiye. A takarda abin da sauƙi. A Gabi, cikin gundumar Madarunfa, inda magidanci ke riƙe da hauya, uwargida da taɓarya da guga, wannan umarni na nufin ajiye aikin gida baki ɗaya, kuma in ya faɗo da damina, gona ce za ta ji jiki.

Bayan shekaru wayar kan tsinke, musamman inda ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya matse ta da haƙarƙarin farko. Jijiyar ma kan toshe, hannu ya kumbura. Wani lokaci wutar batirin na taɓa tantanin numfashi, mutum ya riƙa jin zillo kamar shaƙuwa.

Mafi haɗari shi ne ƙwayar cuta, yawanci Staphylococcus daga fata. In wurin batirin ya yi ja, ya kumbura, ko ya fara mugunya, kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho, domin ƙwayar na bin wayar har zuciya. Magani kaɗai ba ya kashe ta, sai an cire batiri da waya duka. Wayar da ta shekara goma kuwa ta riga ta manne da jijiya, zare ta na iya yaga jijiyar, don haka sai a babban asibiti mai likitan tiyatar zuciya a kusa.