Tabkunanmu na cikewa da rairayi: abin da gayyar gari za ta iya yi

A tambayi duk wani dattijo da ya tashi a bakin tabki, zai ce ruwan da ya sani yana yaro ya fi na yanzu zurfi. Inda a da sai da kwale-kwale, yau yaro na ratsawa da ƙafa. Masunci na komawa gida da koma babu nauyi, mai lambu na rasa ruwan ban-ruwa tun albasa ba ta nuna ba, makiyayi kuma sai ya kora dabbobi nesa. Daga nan rigima ke tashi, daga nan kuma samari ke ɗaukar jaka su tafi cin rani.

Duniya ta san darajar waɗannan wurare. A 1971 aka sa hannu kan yarjejeniyar kare wuraren dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran, Nijar kuma ta shiga a 1987. Tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi a jahar Tawa, da na Lasuri a jahar Damagaram, sun shiga jerin Ramsar a 2005. Na Madarunfa da na Gidimuni sun biyo baya a 2019. To amma suna a takarda ba ya tsayar da rairayi.

Yaya tabki ke mutuwa?

Ciwon daga tudu yake farawa. Idan aka sare itatuwa, aka kwashe kara da ciyawa ƙaf, ƙasa ta zauna tsirara. Ruwan sama na farko sai ya kwaso rairayi, ya bi korama, ya juye shi cikin tabki. Iskar hunturu ma tana kawo nata. Shekara bayan shekara gindin tabkin na tasowa, ruwan ya baje ba zurfi. A ƙasarmu kuwa rana da iska na iya shanye ruwan da ya haura mita 2 a shekara, don haka tabkin da ya rasa zurfi ba ya kai bazara.

Ciwo na biyu ita ce kacalla, doguwar ciyawar nan mai son ruwa marar zurfi. Tana rufe mashaya, tana hana jefa koma, tana zama maɓoyar sauro da tsuntsaye jan-baki masu cinye gero da dawa. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ma yana samun wurin zama a cikinta.

Akwai abin da ya fi ƙarfin ƙauye. Tabkin Madarunfa, alal misali, yana da alaƙa da Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga Najeriya, kuma madatsar ruwa ta Jibiya ta canza yadda ruwan ke sauka. Wannan maganar hukumomin ƙasashen biyu ce. Amma rairayi da kacalla, hannun mutanen gari na kai musu.

Me masu aikin sa kai ke yi?

Na farko, tare ruwa tun daga sama. Da rani ake haƙa ramukan rabin wata a faƙo, bakinsu na kallon inda ruwa ke gangarowa. Mai faɗin mita 4 ake yawan yi, kusan 313 a hekta ɗaya. Ana jera duwatsu a gicciye cikin gona da bakin korama, ruwa ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko.

Na biyu, ɗaure tudun rairayi da shingen aguwa, ko kalumbo, ko karan gero, sannan a dasa itace a ciki idan damina ta kankama. Bagaruwa na jure ambaliya a bakin ruwa, gamba kuma na riƙe ƙasa da saiwarta. Mutanen Maraɗi sun riga sun san sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona. Duk gawon da aka bari a tudu, tabki ne ya ci riba. Dashen ranar 3 ga Agusta ma yana da amfani, in har an sa wanda zai yi shinge da ban-ruwa, don awaki ba su san biki ba.

Na uku, yankan kacalla. A yanke ta ƙarƙashin ruwa, kututturen ya nutse ya ruɓe, kuma tun ba ta fitar da kai ba, domin iska ke yaɗa irinta. A fitar da ita waje, kada a bar ta cikin ruwan. Ana yin takin gargajiya da ita, da tabarma, da rufin ɗaki. Mai shiga ruwa ya sa dogon takalmin roba, kuma wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je likita.

Na huɗu, tsaro. A hana koma mai ƙananan idanu da ke kwashe ƴaƴan kifi, a hana wanke tankin feshin maganin ƙwari a tabki, a bar burtali buɗe.

Ta ina za a fara?

Gayya ba baƙuwa ba ce gare mu, haka kakanninmu suka noma gonaki, haka samariya ta gina azuzuwan makaranta. A fara da zama wajen maigari, a kira sarkin ruwa, da masu lambu, da makiyaya, da ƙungiyoyin mata. A sanar da magajin gari da ma'aikatan gandun daji, su nuna inda ya kamata a haƙa, don aikin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ruwa ɗaya ke share shi. A tsayar da rana guda a mako. In an ce sai wani shiri ya zo da kuɗi, damina ba ta jira.

Ku kuma ƴan uwa da ke Legas, Akara, Abijan ko Libiya, kuna da rabo a aikin. Diga, shebur, baro, lauje, takalman roba da abincin ranar gayya duk kuɗi ne. Ku aiko ta hannun kwamitin da gari ya yarda da shi, a karanta lissafi a bainar jama'a.

Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya, lokacin kuma rani ne, hannu ya huta daga gona. Garin da ya shirya gayyarsa ya sanar da mu, za mu yi shela.