Darasin da ba ya buɗewa a wayar Hawandawaki

Shirinmu na yau ya nufi Hawandawaki, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya, domin mu duba batun karatu ta wayar salula, da abin da ke hana wasu darussa buɗewa a hannun waɗanda suka fi buƙatarsu.

Darasin intanet na zamani yakan ƙunshi rubutu da hoto da murya, amma a ƙarƙashinsu akwai 'yan umarni da masu tsara darasin ke rubutawa, galibi da harshen kwamfuta na JavaScript. Su ne ke duba amsar ɗalibi, su ba shi maki, su buɗe masa babi na gaba, su kuma aika wa makaranta labarin inda ya tsaya. Akan gwada su a kan kwamfutar ofis mai lantarki da intanet mara yankewa. Ɗalibin Hawandawaki kuwa yana riƙe da 'yar Android mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ko mai madanni ma, wadda ya karɓo daga rumfar mai caji inda wayoyi ke jere a kan tebur, kowace an manna mata lamba. Megan da ya saya kaɗan ne, rezo kuma, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa. Idan ya buɗe shafin da Opera Mini, wadda ake so saboda tana rage cin mega, manhajar tana sarrafa shafin ne a na'urorin kamfaninta ta turo masa a matse, kuma ba ta barin waɗannan umarni su yi aiki sosai. Sai ya danna maɓallin ci gaba, babu motsi. Shi ba zai ce an yi kuskure wajen tsari ba, zai ɗauka shi ne bai iya ba, kuma wannan ce ɓarnar da ta fi ciwo.

Ra'ayina shi ne a gina darasi daga waya mafi rauni zuwa sama. Abin da ake son koyarwa ya tsaya da ƙafarsa a rubutu da murya, ya sauku a ajiye shi, a iya tura wa maƙwabci ta Bluetooth ko Xender ko katin memori. Umarnin JavaScript su zo a matsayin ƙari, ta yadda in sun ƙi aiki, karatun bai tsaya ba.

Hujjar tana nan cikin Nijar. A shekarar 2009 ƙungiyar CRS, tare da masu bincike irin su Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka, ta fara shirin ABC na yaƙi da jahilci a ƙauyukan Dosso da Damagaram. Manya ne ke koyon karatu da lissafi da harsunansu, Hausa da Zabarmanci, a wasu ƙauyukan kuma aka ƙara musu koyon amfani da waya mai madanni da rubuta gajeren saƙo. Da aka yi jarrabawa, ƙauyukan da suka samu wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Babu wata manhaja ta musamman a ciki. Abin da ya yi aiki shi ne mutum ya samu dalilin yin rubutu kullum, ya tambayi farashin gero, ya gaishe da ɗansa da ya tafi ci-rani.

Za a ce ai umarnin nan ne ke sa darasi ya amsa wa ɗalibi nan take, kuma ba tare da su ba makaranta ba za ta san wanda ya yi karatu ba. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ba. Amma ana iya rubuta su ta yadda za su yi aiki babu rezo, su adana amsoshi a cikin wayar, su aika idan rezo ya dawo. Manhajar Moodle ta waya tana ba da damar sauke darasi, Kolibri kuma an yi ta ne tun asali domin wuraren da babu intanet. Sai dai ko a nan dole mai tsarawa ya gwada da hannunsa, domin umarnin da ya yi aiki a shafin kwamfuta ba lallai ya yi a cikin manhajar waya ba.

Wasu kuma na cewa a yi haƙuri, manyan wayoyi na ƙara araha, matsalar za ta gushe da kanta. To, wayar ba ita kaɗai ba ce matsalar. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar har tsawon watanni, caji ya yi wuya ko a birane. Sannan fasahar ma tana mutuwa. Darussa masu yawa an gina su da Flash, wanda Apple bai taɓa yarda da shi a iPhone ba, kamfanin Adobe kuma ya daina kula da shi a ƙarshen 2020, aka bar makarantu da aikin sake ginawa daga tushe. Fayil ɗin murya da aka naɗa a wancan lokaci har yau yana buɗewa.

Saboda haka duk wanda zai kawo irin wannan darasi yankin nan, ko ma'aikatar ilimi ce, ko ƙungiya, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ya fara kai shi ƙauye, ya miƙa wa ɗalibi ya buɗe a wayarsa da megansa, kafin a sa hannu a karɓi aikin.