ƘARARRAWAR MONTREAL: GARDAMAR DA TA ƘI ƘAREWA TSAKANIN 'YAN KALLON KOKAWA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kokawa. In kaka ta yi, aka kau da amfanin gona, sai samari su ɗaura warki su fito dandali, makaɗa na kiɗa, maroƙa na kirari. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan an ka da shi, ba sauran gardama. To, yau muna so mu ba masu karatu labarin wata kokawa dabam, irin wadda mutanen Amurka da Kanada suka mai da sana'a, wadda da yawa daga cikinmu sun saba gani a telebijin. A can sau da yawa sai an tashi daga fage sa'an nan gardama ta ke somawa. Akwai wani dare guda cikin 1997 wanda har yanzu masu sha'awar wasan ba su gama musu a kansa ba. Shi za mu duba, gama ya ƙunshi abin da ya shafi duk mai aiki ƙarƙashin wani, watau alkawari, da biyayya, da yadda ya kamata a bar aiki.

YADDA SANA'AR TA KE

Da farko dai ya kamata a sani ita wannan kokawa shiryayya ce. Tun kafin 'yan wasa su fito an riga an yanke wanda zai ka da wani, da irin kayen, har da yawan mintocin da za a yi. Faɗuwa kam ta gaske ce, ƙashi ya kan karye, wuya ya kan goce, amma nasara daga ofis ta ke fitowa. Shekaru da yawa masu sana'ar suna ɓoye wannan asiri, har a kan hana wanda ya fito a mutumin kirki shiga mota ɗaya da wanda ya fito a mugu. Sai cikin Fabrairu 1989 kamfanin WWF, wanda yanzu a ke kira WWE, ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da ya ke yi wasan nishaɗi ne, ba gasa ba, domin ya kuɓuta daga haraji da dokokin hukumar wasanni.

To, tun da ya ke mai kamfani ne ke zaɓen zakara ya ɗaura masa ɗamara, ai ka ga kokawar gaske ta koma bayan labule. A nan a ke kamun ƙafa, a nan a ke fadanci da sara da zuga, kowa na neman kunnen maigida, domin mai riƙe da ɗamara shi ya fi kowa suna da samu. Wannan shi a ke kira siyasar bayan labule. Tun farkon shekarun 1980 wani ɗan jarida mai suna Dave Meltzer ya soma buga 'yar takarda yana aika wa masu biya, cike da labarin abin da ke gudana a ofis da ɗakin tuɓe kaya. Da intanet ta zo sai irin wannan labari ya game duniya, har ya zamana ɗan kallo ido ɗaya na fage, ɗaya na leƙen ofis.

MAFARIN RIGIMA

Bret Hart mutumin Calgary ne ta ƙasar Kanada, kuma ɗan gado ne, gama ubansa Stu Hart ɗan kokawa ne mai kamfanin kansa. Ya shiga WWF a 1984, ya yi ta hawa sannu a hankali har ya zama zakara. Abokin karawarsa Shawn Michaels, Ba'amurke, shi ma gwani ne, sai dai a wancan zamani an san shi da girman kai, abin da shi da kansa ya amsa daga baya. Ran 31 ga Maris 1996 Bret ya yarda Shawn ya ka da shi ya karɓi ɗamara, bayan sun fi awa guda suna fafatawa. Da lokacin ramawa ya matso, cikin Fabrairu 1997, sai Shawn ya ajiye ɗamarar ya ce ciwon gwiwa ya dame shi. 'Yan kallo da yawa suka ce dabara ce ta gudun biyan bashi. Ƙiyayyar wasa ta zama ta gaske, har suka ba hammata iska a bayan labule cikin Yuni na wannan shekara.

A lokacin nan kuwa WWF na cikin matsi. Wani kamfani, WCW, na attajiri Ted Turner, yana ta janye masa gwanaye da kuɗi, kuma mako 83 a jere, daga tsakiyar 1996 zuwa Afrilu 1998, shirinsa na daren Litinin ya fi na WWF yawan masu kallo. A 1996 WCW ya yi wa Bret tayi mai tsoka, ya ƙi, ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 da Vince McMahon, mai WWF. Ba a cika shekara ba McMahon ya kira shi ya ce ba zai iya biya ba, ya je ya nemi WCW. Bret ya je, suka daidaita, aka tsai da zai koma can cikin Disamba 1997.

Sai ga matsala, gama tun Agusta ɗamara ta komo ƙugun Bret. Al'adar sana'ar kuwa ita ce mai tafiya ya bari a ka da shi kafin ya fita, domin ya bar wa na baya daraja. McMahon ya ce Shawn zai ka da shi a birnin Montreal. Bret ya ce faufau, ba Shawn ba, ba kuma a Kanada ba, inda a ke ɗaukarsa gwarzon ƙasa. Hujjarsa ita ce Shawn ya taɓa gaya masa baki da baki cewa shi ba zai yarda Bret ya ka da shi ba. Ban da haka, cikin yarjejeniyarsa akwai sharaɗin da ya ba shi ta cewa, gwargwadon hankali, a kan yadda za a yi da shi cikin kwana 30 na ƙarshe. Shi ma McMahon da nasa tsoro. Cikin Disamba 1995 wata zakarar mata ta WWF, Alundra Blayze, ta koma WCW, ta jefa ɗamararta cikin kwandon shara duniya na kallo. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

DAREN 9 GA NUWAMBA

Mutum fiye da 20,000 suka cika zauren wasa. Tun da rana an zauna an shirya cewa za a tashi ba kaye, abokan kowannensu za su faɗo fage a watse baram-baram, Bret ya fita da ɗamararsa, daga baya a san yadda za a yi. Bisa faɗar Bret, alƙalin wasa Earl Hebner ya rantse masa da 'ya'yansa ba za a ci amanarsa ba. Ana cikin wasa sai Shawn ya yi wa Bret wani kamu na murɗe ƙafafu, wanda a ke kira Sharpshooter, kamun da shi Bret ɗin ya yi suna da shi. An shirya Bret zai kuɓuce ya juya kamun. Kafin ya yi haka sai alƙali ya ɗaga hannu, McMahon da ke gefen fage ya daka tsawa a buga ƙararrawa. Aka buga, aka sanar wai Bret ya sallama, alhali kuwa bai ce uffan ba. Alƙali ya fice a guje, mota na jiransa. Shawn ya ɗauki ɗamara yana nuna kamar bai san hawa ba bai san sauka ba. Bret ya tofa wa McMahon yawu a fuska, ya farfasa akwatunan telebijin da ke gefen fage, ya zana haruffan WCW a iska da yatsa. A ɗakin tuɓe kaya kuma ya ɗirka wa maigidan nasa naushi, ya kumbura masa ido.

Bayan mako guda McMahon ya fito a telebijin ya ce shi bai cuci Bret ba, Bret ne ya cuci kansa. Wannan magana ita ta ƙara rura wutar.

RA'AYI YA KASU UKU

Kashi na fari su ne masu goyon bayan Bret. Su kan ce alkawari kaya ne. Mutumin da ya yi maka bauta shekara 13, ya ƙi kuɗi mai yawa don ya zauna da kai, kai ne kuma ka ce ya tafi, yaya za ka sallame shi da yaudara a gaban danginsa da mutanen ƙasarsa? Suna da shaida mai ƙarfi. A ranar akwai masu ɗaukar fim da ke bin Bret, kuma yana ɗauke da na'urar ɗaukar magana sa'ad da suka gana da McMahon. Da fim ɗin ya fito a 1998, kowa ya ji muryar maigidan yana amincewa da shirin da bai yi niyyar cikawa ba. Shekara da shekaru, duk ran da Shawn ko alƙalin nan ya taka fage a Kanada, sai zaure ya ɗauki ihu ana tuna musu cin amanar. Ko cikin 'yan wasa, Mick Foley ya ƙi zuwa aiki washegari, kuma biyu daga mazan 'yan'uwan Bret mata suka bi shi WCW.

Kashi na biyu su ne masu ba McMahon gaskiya. Su kan ce ɗamara kayan kamfani ce, aro aka ba Bret, kuma ba abin kunya cikin kayen da aka shirya. A ganinsu Bret ya ɗauki wasa ya mai da shi gaske, har ya manta wanda ya ɗaura masa ɗamarar. Su kan kawo misalin da masu karatunmu za su gane nan da nan: akawun da aka yi wa canjin wurin aiki ba shi da ikon cewa sai wanda ya ga dama zai miƙa wa makullin ofis, ko kuwa sai ran da ya ga dama. In kamfani ya durƙushe, abincin mutane da yawa ne zai yanke, saboda haka maigida ya zaɓi ɓacin ran mutum ɗaya.

Kashi na uku kuwa sun ce duk biyun an yi musu wayo. A wurinsu rigimar gaba ɗaya shiri ce, har da yawun da naushin. Su kan tambaya, yaya aka yi masu fim suka kasance a wurin daidai wannan dare? Mu dai mun ga wannan ra'ayi ba shi da ƙarfi. Shawn ya yi ta musu har 2002 kafin ya amsa cewa da shi aka ƙulla. Bret kuwa sai ran 4 ga Janairu 2010 ya yarda ya tsaya fage ɗaya da Shawn suka yi musafaha. Ba a shirya fushin shekara 12. Amma ra'ayin ya nuna wani abu: wanda ya saba rufe wa jama'a ido, ran da gaskiya ta faru a gabansu ma ba za su yarda ba.

WA YA CI RIBA?

Abin mamaki, McMahon da ya ga jama'a sun tsane shi sai ya mai da tsanar haja. Ya shiga wasa da kansa, ya fito a mugun maigida mai danne ma'aikata, aka haɗa shi da Steve Austin, ma'aikaci mai taurin kai. Duk wanda ya taɓa haɗiye fushin shugabansa a wurin aiki ya ga kansa cikin wannan wasa. Cikin Afrilu 1998 WWF ya sha gaban WCW, cikin Maris 2001 ya saye shi ɗungum. Bret kuwa bai ji daɗin WCW ba. Ƙanensa Owen, wanda ya rage a WWF, ya faɗo daga rufin zauren wasa a Kansas City ya rasu cikin Mayu 1999. Cikin Disamba na wannan shekara Bret ya sha shuri a ka, wanda ya raba shi da sana'ar a 2000.

Su ma 'yan kallo sun koyi darasi, sun gane in ofis ke zaɓen zakara, to ofis a ke yi wa ihu. Cikin Janairu 2014 a Pittsburgh suka hargitsa babban wasa da ihu domin ba a sa Daniel Bryan ciki ba, wani ɗan ƙaramin gwani wanda su ke ganin ofis ya raina. Ba su fasa ba sai da aka sake shiri, ran 6 ga Afrilu ya zama zakara a New Orleans. McMahon ya bar kamfanin cikin Janairu 2024 bayan wata ƙara da aka shigar a kansa, wadda ya musanta. Surukinsa Paul Levesque, ɗaya daga waɗanda suka san da ƙullin Montreal, shi aka damƙa wa shirya wasanni tun 2022. A 2025 har kamfanin ya buɗe ɗakin masu shirin aka ɗauka, aka nuna a Netflix. Watau asirin da a da a ke ɓoyewa, shi ma ya zama abin sayarwa.

NAMU RA'AYIN

A ganinmu McMahon na da gaskiya a kan ɗamara, amma ba shi da ita a kan hanyar da ya bi. Shugaban da ya ga ba zai iya cika sharaɗi ba, kamata ya yi ya faɗa a fili, ko da za a rabu dutse a hannun riga. Ribar da ya samu daga baya ba ta wanke shi ba, gama cin riba dabam, riƙon amana dabam. Shi ma Bret, da ya sassauta, da ya fita da mutuncinsa ba tare da tabo ba, domin ba wanda ya fi wurin aikinsa girma.

Sa'an nan muna jan kunnen masu bin irin waɗannan labarai. Duk labarin da ya fito daga bayan labule, wani ne ya fito da shi, kuma galibi yana da abin da ya ke nema. Kafin mutum ya ɗauki gefe, ya tambayi kansa wa ya faɗa, kuma wa zai amfana. Wannan ka'ida ta yi daidai da fagen kokawa, ta kuma yi daidai da ofis da ɗakin malamai.

To, jama'a, ga magana a gabanku. Da ku ne alƙalin nan, maigida na daka muku tsawa, ga kuma rantsuwar da kuka yi wa abokin aiki, za ku ɗaga hannu a buga ƙararrawa? Muna so mu ji daga gare ku.