Daga London Zuwa Sawaba: Inda Malam Aminu Ya Ɗebo Wuta

A unguwannin Hausawa na Agege da Ojota, in ana taɗin siyasar talakawa, sunan da kan fara fitowa shi ne Malam Aminu Kano, wanda ya zauna a Ikko yana Kwamishinan Tarayya daga 1967. Amma ba kowa ya san inda wani reshe na aƙidarsa ya tsiro ba.

A 1945, da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta ci zaɓe a Ingila. Ta mai da haƙar kwal da jiragen ƙasa hannun gwamnati, a 1948 kuma ta soma ba kowa magani kyauta. Ra'ayinta shi ne dukiyar ƙasa ta jama'a ce, ba ta attajirai kaɗai ba.

Ana cikin haka Malam ya isa London a 1946 don ƙaro ilmin malanta, ya yi cuɗanya da masu wannan ra'ayi. Bayan dawowarsa aka kafa NEPU a Kano, ran 8 ga Agusta 1950, ya zama shugabanta a 1953.

Abin lura kuwa, gwamnatin nan ta Leba ita ce ke riƙe da Nijeriya har 1951, amma ta bar En'e da ƙarfinta, kuma a hannun En'e 'yan NEPU suka sha ɗauri. Abin da aka ba lebura a Ingila, talakan Arewa sai da ya nema da kansa.

A 1979 Margaret Thatcher ta ka da Leba. A wannan shekara PRP ta Malam ta ci kujerun gwamna a Kano da Kaduna.