Kalmar "Hana" da Takwarorinta na Turanci

Malaman da ke koyar da Turanci a ƙasar Gwarzo da Kabo sun san wurin da 'yan makaranta su ke yawan tuntuɓe, watau kalmar "hana". Bahaushe ya kan ce uba ya hana ɗansa zuwa kasuwar Getso, ya kuma ce ruwa ya hana shi zuwa, duk da fi'ili guda. Bature kuwa ya raba su. Hanin uba shi ne "forbid", magana ce kurum, yaro na iya saɓa ta ya yi tafiyarsa. Hanin ruwa shi ne "prevent", ba a faɗinsa sai in tafiyar ba ta yiwu ba. Ginin jimlarsu ma dabam ne: "forbid him to go", amma "prevent him from going". Yaron da ya rubuta "prevent him to go" Hausa ya yi, ya sa mata rigar Turanci. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 ba su cika fid da shi ba, gama an yi su ne musamman domin mai neman Hausa.

Abin da ya fi taimako shi ne malami ya koma turke, don yawancin kalmomin nan daga ɗauri da kiwo su ka fito. Asalin "impede" Latin ne, ma'anarsa sarƙe ƙafa, dabaibayi ke nan sosai. Jakin da aka dabaibaye yana tafiya, sai dai da ƙyar, haka kuma abin da aka yi wa "impede" bai tsaya ba. "Curb" sarƙar linzami ce da ke ƙarƙashin haɓar doki, ana ja ne a rage masa zafi, shi ya sa a kan faɗe ta ga fushi da kwaɗayi. "Restrain" ɗaurewa ce a ja baya, kamar ragon da ke fizga a turke. "Deter" kuwa ba igiya cikinta sai tsoro, aikin mutum-mutumi a gonar gero. Madatsar Guzuguzu ta Kabo ta isa misalin "hold back": ruwa na nan, yana turi, an datse shi.

Ita "prevent" asalinta "riga zuwa" ne, da wannan ma'ana ta zo a Baibul na Turanci na 1611. Ashe Hausa ta bi wannan hanya da kanta a kalmar "rigakafi".

Zancen bai tsaya a jarrabawa ba. In kotu ta yi wa manomi "restrain" daga shiga gonar da a ke gardama a kanta, tafinta ya ce masa "an hana ka gonar", zai koma gida da zaton an ƙwace ta, alhali sau da yawa dakatar da shi aka yi har a yanke hukunci.