Hoton Jiya da Safe Mai Kama da Na Zamanin Jamus

Wani salon hoto ya samu karɓuwa a tsakanin matasan Hausawa, daga Kano har zuwa Amutive da sauran unguwannin Lome. Saurayi zai sa babbar riga mai aska takwas, ya naɗa rawani, ya rataya takobi, ya zauna a kan buzu, mai hoto ya ɗauka, sannan ya cire kalar a waya ko kwamfuta, ya zuba masa ruwan ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigo kamar wanda ya shekara ɗari a ƙasan akwati. Haka ake yi wa mahayan Sallah masu sulke da lifidi. Sana'a ce mai kyau, kuma tana sa yara su tambayi yadda kakanninsu suka rayu. Amma tana da sharaɗi guda: duk hoton da aka tsofar da gangan, a rubuta ranar da aka ɗauke shi da wurin, domin kada ya shiga sahun shaidun tarihi.

Zangon Lome ya fi ko'ina nuna dalilin wannan sharaɗi. Fatake Hausawa sun zauna a garin tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mai da Lome hedikwatar Togo a 1897, suka bar ta a 1914. A 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutanensa zuwa sabon wuri a arewa, wajen Agoe. Masanin nan na Faransa, Michel Agier, ya wallafa littafi kan 'yan kasuwar wannan zango a 1983. Mutumin Kano da ke son ganin jiya zai je Kurmi ko Gidan Makama, amma jikan ɗan tsohon zango ba shi da zaure ko katangar da zai nuna. Abin da ya rage masa shi ne bakin dattawa da hotuna, irin katunan da Alex Acolatse, shahararren mai hoton Lome da ya rasu a 1975, ya bari. Idan hoton da aka ɗauka bara ya yi yawo a WhatsApp da Facebook, wani ya liƙa masa "Zangon Lome, 1910", an gurɓata rijiyar da ita kaɗai ta rage.

Kuma wannan tsufa na aro ba ya ma kama da tsohon hoto na gaskiya. Farantan gilashin da masu hoton farkon ƙarni na 20 suke amfani da su ba sa ganin ja, suna kuma ganin shuɗi fiye da kima. Saboda haka jar rigar dogari takan fito baƙa wuluk, sararin sama kuma ya fito fari fat ba gajimare. Manhajar waya ba ruwanta da wannan, sai ta mai da komai toka-toka bai ɗaya. Ruwan ƙasa-ƙasan ma ba shekaru ne kawai suka kawo shi ba, sau da yawa wani sinadari ne ake wanke takardar da shi domin hoton ya daɗe bai koɗe ba. Ɗaurewar fuska da sandarewar jiki kuwa, kyamara mai ƙafa uku ce take bukatar a tsaya cik, ga shi kuma dattijo ba ya washe baki a gaban baƙo. Mafi muni, cire kala yana koya wa yaro cewa duniyar kakansa dishi-dishi take, alhali zamani ne na ƙyallin baba daga marinar Ƙofar Mata, da jar fata ta Sakkwato, da koren zare a wuyan riga.

Wani zai ce ai masu hoton da can ma shiri suke yi. Gaskiya ne. Seydou Keïta, da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da babur domin mai zuwa ya fito da su kamar nasa. Hawan Sallah kansa ai tuna baya ne: Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma mai sa su a hawan Daushe yau ba yaƙi zai je ba. Amma a duba bambancin. Abokin cinikin Keïta ya ari babur, bai ari shekara ba, hotonsa yana nan a matsayin shaidar abin da mutanen Bamako suke buri a lokacinsu. Samuel Fosso ma, da ya yi shigar Nkrumah da Lumumba da wasu manya a 2008 cikin baƙi da fari, ya sa sunansa da shekarar aikin. Ba wanda ya ruɗe.

Wani kuma zai ce kowa ya san wasa ne. Wanda ya ɗauka ya sani, abokansa sun sani, amma hoto ya fi mai shi tsawon rai, kuma da an tura shi sau uku ya rabu da bayaninsa. Yanzu da kwamfuta take ƙirƙiro fuskokin mutanen da ba a taɓa haifa ba, nauyin ya ƙaru a wuyan masu hoto na gaskiya.

Gyaran ba shi da tsada. A buga shekara da sunan wuri a jikin hoton kansa, ba a ƙasan saƙo ba. A ajiye na kalar tare da wanda aka tsofar. A nemi dattijo ya duba shigar, domin shadda mai sheƙi da agogon hannu da takalmin roba suna tona asiri, kuma naɗin malami daban yake da na basarake ko na bafatake. Sannan iyalan Amutive da Agoe masu tsofaffin hotuna na gaskiya su zauna da tsofaffinsu tun suna raye, a rubuta a bayan kowane hoto wane ne, ɗan wane ne, a wane gida aka ɗauka.