Kafin a Matsar da Filtar Mai: Magana ga Masu Motocin Shanu

A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar farashin bijimai da kuɗin fito, za mu leƙa ƙarƙashin mota. Akwai wani aiki da makanikai ke yi a garejojin Miskin da Kilomita Biyar nan Bangi, wato a cire filtar baƙin mai daga jikin inji a ɗaura ta can gefe, a haɗa su da tiyo biyu, ɗaya na kai mai, ɗaya na komo da shi.

Ba mu ce aikin banza ne ba. Wani an sa wa motarsa injin da ba nata ba, filta na gugar shasi. Wani kuma tsohuwar Mercedes 1113 gare shi, ya gaji da neman irin filtarta, ya fi son mai murɗawa wadda ke ko'ina. Kayan gyara daga Duwala suke zuwa, kuma ba mu manta ba yadda aka toshe hanyar Garwa-Bulai daga Disamba 2020 har cikin Fabrairu 2021, kaya suka yi wuya. To, amma wannan aiki yana taɓa ƙarfin mai, ƙarfin mai kuwa shi ne ran inji.

Ga yadda abin yake. Famfo ya kan zuƙo mai daga ƙasan inji ya tura shi ta cikin filta, sa'an nan ya wuce ga metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu. Kusa da famfon akwai wani bawul da ke buɗewa in matsi ya yi yawa, ya mai da rarar mai ƙasa. Saboda haka in aka ƙuntata hanya, famfo ba ya dagewa sai man ya wuce. Bawul ne zai buɗe, mai ya koma inda ya fito, metal na can yana jira.

Abin da ya fi ƙuntata hanyar shi ne siririn tiyo. Mutum zai ga tiyo mai rami milimita 10 da mai 13 ya ce ai duk ɗaya ne. Ina! A tsawo ɗaya, na 10 ɗin yana tare mai kusan ninki uku na mai 13. A ganinmu kada a sauko ƙasa da 13 ko ga ƙaramar mota irin Land Cruiser, babbar mota kuwa 16 zuwa sama. A duba ramin kawunan ƙarfen ma, don sau da yawa tiyo na da faɗi amma bakinsa tsukukke ne. Kowane gwiwa mai lanƙwasa kai tsaye yana cin nasa rabo, kowane ƙarin tsawo haka. Da asubar hunturu a tudun Buwar, lokacin da mai ya yi kauri, nan ne asarar ta fi tsanani.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a juya tiyo. Mai yana shiga filta ta ƙananan ramukan gefe, ya fita ta babban ramin tsakiya. Yawancin filta masu murɗawa suna da wata roba a bayan ƙananan ramukan, mai hana mai komawa baya. In makanike ya musanya tiyon, robar nan za ta rufe ruf, ko ɗigo ba zai kai ga metal ba. Inji zai tashi lafiya kamar ba komai, kafin a gama shan shayi ya buga.

Kada kuma a dogara da jar fitilar gaban direba. A motoci da yawa ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar, lokacin an riga an yi ɓarna. Ta kan zo ne kamar mai gaisuwar ta'aziyya. Agogon mai ake so, kuma a ɗaura shi bayan filta, ta inda mai ke shiga inji. In aka sa shi kafin filta, toshewa ma ɗaga allura za ta yi, direba na murna.

Tiyon kansa ya zama na mai, wanda aka matse kawunansa da inji. Na ruwa ko na gas ba ya jure mai mai zafin digiri 100 da ɗoriya. A nisanta shi da salansa, a ɗaure shi kada ya goga ƙarfe, amma a bar masa ɗan sassauci don inji na motsi a kan kujerunsa. Wanda ya bi hanyar Kaga-Bandoro zuwa Sibut ya san irin jijjigar da muke nufi. Tiyo in ya fashe, famfo zai zubar da man duka cikin minti ɗaya ko biyu, ga shanu cunkushe a baya, ga rana, babu ruwa. Wanda ya faɗi sai a tattake shi, sauran su iso kara a rame, dillali ya sayar yadda ya samu. Allah ya kiyaye.

Don haka, Alhaji, ranar da za a yi aikin ka tsaya da kanka ko ka tura amintaccen direba. Kafin a kwance komai, a ɗuma inji sosai a rubuta abin da agogo ya nuna yana tsaye, da kuma in an taka totur. A ɗaura filta bakinta sama, kuma kada ta fi inji tudu, don kada ta tsiyaye cikin dare. A tambaya ko sabuwar filtar na da bawul ɗin kewaye a cikinta, in na inji ya tafi da tsohon mazaunin. A cika ta da mai kafin a tayar, a ƙara wanda tiyo ya sha. In allura ba ta motsa ba cikin daƙiƙa biyar zuwa goma, a kashe nan take a duba tiyo. In ta tashi, a zaga da motar babu kaya har ta yi zafi, a gwada da lambobin farko. Aka ga ta sauka a fili, a sake tiyo mai faɗi tun ba a loda ko ɗan maraƙi ba.